Wutar Da Ke Kwana Cikin Akwati

Duk wanda ya yi wayo a zamanin akwatin talabijin mai doro ya san ba a buɗe bayansa da wasa. Mai kala yana aiki da wutar da takan kai bolt 25,000, kwalbar allonsa kuma tana riƙe saura ko an kwana biyu da zare filogi. Akwai wani dattijo mai gyara a unguwarmu wanda ban taɓa ganin ya zura hannu biyu cikin akwati ba. Na hagu kullum yana aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirjinsa daga hannu zuwa hannu. Mu yara a da cewa muke yanga ce.

Abin da ke damuna shi ne, tsoron nan ya tafi tare da doron, alhali wutar tana nan. Sauran wutar kwalba takan fizgi mutum har ya yanke hannu ko ya fasa kwalbar, amma ba safai take kisa ba, gama bolt ɗin ne ke da yawa, abin da aka tara kaɗan ne. Talabijin na yanzu kuwa, ga shi shafal kamar faranti, amma cikinsa akwai kwandansa, watau ɗan tulun da ke tara wuta, wanda wutar gida ta bolt 230 takan cika shi har bolt 325, ya riƙe bayan an kashe. Saboda haka wanda ya ce bari ya buɗe tun da an ɗauke wuta, bai tsira ba. Balle wutar da takan dawo ba sallama.

Mafi muni a ganina ita ce na'urar ɗumama abinci, wadda ke zaune a madafa kamar ba ruwanta. Taransifomarta tana ba da kimanin bolt 2,000, da ƙarfin da zai tsai da zuciya nan take, kwandansarta ma tana ajiye nata rabon. Batirin wayar hannu shi kuma ba ya jan mutum, amma in bakin sukundireba ya huda shi, sai gobara.

Yaranmu yanzu daga bidiyon waya suke koyon gyara. Suna ganin hannun gwani yana kwance sukurori, amma wurin da ya sauke wutar kwandansa, ya auna da mita ya tabbata ta mutu, sau da yawa an yanke shi don kada bidiyon ya yi tsawo.