Hutun 'Yar Kasuwa a Watan Kirsimeti

A Kasuwar Malam Atta ta birnin Accra, Disamba watan ciniki ne, ba na hutu ba. Akwai wata gwauruwa cikin zumuntar mata, mai sayar da tumatir da albasa, wadda takan fito daga Mamobi tun asuba cikin ƙurar hunturu. Da yamma ga koyon waƙa, ga taron addu'a, ga girkin baƙi. Kafin daren 31 ga Disamba muryarta ta dushe, ƙafafu sun kumbura, kuɗin adashi sun ƙare a atamfar anko, mai gida kuwa yana jiran kuɗin haya a Janairu.

Wata shekara sai ta ƙi ankon bashi, ta goge tsohon zanenta. Ta ce wa shugabar mata, "Mama, dare ɗaya zan kwana a sujada, sauran zan yi barci." Waɗansu suka yi gunaguni, wai bangaskiyarta ta yi sanyi. Ba su kyauta ba. Ai a Markus sura 6, Ubangiji da kansa ya janye almajiransa su huta, sa'ad da taro ya hana su ko cin abinci.

Ranar Kirsimeti ta rufe teburinta, ta dafa shinkafa da wake, ta kira yarinyar da ke ɗaukar mata kaya, suka ci a kwano ɗaya.