Famfon Mai Da Tsofaffin Motocin Kaduna

Duk wanda ya saba shiga mota a tashar Kawo ya san tsofaffin motoci ne abin hawan talaka. A 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri, ƙetaren kogi, aka shekara wajen talatin ana fitar da samfurin 504. Yanzu an daina, amma sauransu, da na hannu da a ke shigowa da su daga Turai, su ne ke kai mu gida lokacin hutu. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke kashe su.

Baƙin mai a jikin inji kamar jini ya ke a jikin mutum, famfon mai kuwa shi ne zuciya. Giya biyu ne masu haƙora, suna juyawa, suna tsotso mai daga kaskon da ke ƙarƙashin inji ta cikin wata rariya, su tura shi tsakanin ƙarafa don kada su gogi juna. In ƙarfin man ya faɗi, sai jar fitila ta kama a gaban direba. Kadan ya ci gaba da tafiya, cikin 'yan mintoci injin zai buga, jarinsa ya salwanta, fasinja su kwana a hanyar Zariya.

Mun zaga garejojin Kurmin Mashi da Tsohuwar Panteka, mun ga makanikai iri biyu. Wani da jin an ce fitila ta kama sai ya ce a sayo sabon famfo. Wani dattijo kuwa bi ya ke yi daki daki. Da fari ya kashe inji, ya zaro sandar awo ya duba ko mai ya ragu, ko fetur ya tsinka shi. Sa'an nan ya kwance ɗan makunnin da ke kunna fitilar, ya ɗaura ma'auni a gurbinsa, gama sau da yawa makunnin ne ke ƙarya. In ma'auni ya tabbatar, ya sauke kasko ya wanke rariya, domin tsohon mai da dauɗa su kan toshe ta. Bayan wannan ya duba bawul ɗin da ke rage ƙarfin mai, ko ya maƙale a buɗe. Sai a ƙarshe ya auna haƙoran famfo.

To, ga abin da ya fi ba mu mamaki. Ashe famfo turo mai kaɗai ya ke yi, matsin hanya shi ke kawo ƙarfi. In metal ɗin karanshaf ya cinye, hanya ta yi faɗi, mai ya riƙa zurarewa, fitila ta dinga ƙyaftawa sa'ad da inji ya yi zafi yana silo. Nan ko an sa sabon famfo, banza ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu zuba mai mai kauri ɓoye cutar su ke yi, masu cire ƙwan fitila kuwa sun sayar da ran fasinja.

'Yan'uwa, mu da za mu riƙe aji, wannan ishara ce gare mu. Yaro ya kasa karatu, kada mu yi gaggawar cewa daƙiƙi ne. Mu fara duba ko yana ganin allo, ko yana ji, ko ya karya kumallo. Allah ya ba mu haƙurin bincike kafin hukunci, amin.