Sauya rumbu da hatsi a ciki

Duk wanda ya kafa uwar garke a gida, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana tana riƙe wa iyali ajiyarsu, wata rana zai tarar faifan ya cika. Tawa tana ɗauke da sautin hirarrakin da na naɗa a bakin aiki, wasunsu da mutanen da yanzu ba sa raye. A kanta akwai Proxmox, manhajar wani kamfanin ƙasar Ostiriya da ta fara fitowa a 2008, wadda ke mayar da kwamfuta ɗaya tamkar gidan haya: kowane ɗaki kwamfuta ce mai cin gashin kanta. Abin da kowacce ke ɗauka faifanta ne, a haƙiƙa yanki ne da aka gutsuro mata daga babban faifan da ke ƙasa. Wanda ya taɓa na ƙasan, ya taɓa kowa a gidan.

Tsarin ajiyar da nake amfani da shi ZFS ne, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 2005. Ya yi suna wajen tsare amana, domin yana auna kowane ɗan yankin bayani don gano wanda ya lalace. Amma yana bin umarni ne yadda aka rubuta shi, kuma akwai umarni biyu da ke kama da juna kamar tagwaye. Idan kana da faifai ɗaya ka sayo na biyu, attach zai mayar da sabon madubin tsohon: duk abin da ke wancan a kwafe shi a wannan, ko ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Shi kuwa add zai ɗinke su ne su zama rumbu guda mai faɗi, a riƙa rarraba sabon bayani tsakaninsu. Fili ya ƙaru, amma daga ranar, mutuwar ko wanne daga cikinsu ta tafi da rumbun baki ɗaya. Abin takaicin shi ne allon ba zai nuna alamar damuwa ba. Zai ce komai lafiya, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai lafiyar ta wani ɗan lokaci ce.

Tarko na biyu suna ne. Linux na kiran faifai sda, sdb, sdc, gwargwadon wanda ya fara gani yayin tashi. Ka ƙara faifai ko ka sauya waya, na jiya sdb yau ya iya zama sdc. Mutum ya ba da umarnin goge "sabon" faifai da sunan da ya sani jiya, sai ya share tsohon. Saboda haka ba na kiran faifai sai da sunansa na dindindin, mai ɗauke da lambar da masana'anta ta buga a jikinsa, kuma nakan kwafi lambar a takarda kafin in ɗaure shi cikin akwati.

Shi kansa kwafin madubin yana da nasa haɗari. Faifai mai terabayit 4 da ya kusa cika, ko da yana gudun megabayit 150 a daƙiƙa, zai ci fiye da awa 7, kuma duk tsawon lokacin tsohon faifan na aikin da bai taɓa yin irinsa ba, ana karanta shi kaf. Idan yana da rauni a ɓoye, ranar zai bayyana. Ɗaukewar wuta a tsakiya ba ta cika ɓata ZFS ba, yakan ci gaba da aikin idan ya tashi, duk da haka ban fara ba sai da batirin inbata ya cika.

Don haka na ajiye madubi a matsayinsa. Maganin mutuwar faifai ne, ba ya maganin kuskuren hannu, tun da abin da aka goge a ɗaya nan take ake goge shi a ɗayan. Kafin in taɓa waya, na kwashe kowace kwamfutar haya zuwa wani faifan waje, sannan na dawo da guda daga kwafin, na kunna ta, na saurari wata hira har ƙarshe. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, domin yana da gajiyarwa, kuma a ganina ya fi duk sauran muhimmanci. Sai bayan nan na cire faifan wajen daga jikin na'urar.

Ƙaurar kanta ba ta da wuya. Na gina sabon rumbun a gefe da faifai biyu masu madubin juna, na riƙa matsar da 'yan hayan ɗaya bayan ɗaya. Proxmox na iya yin haka ko da kwamfutar na aiki, kuma yana barin tsohon kwafin a wurinsa sai idan kai ka zaɓi a goge. Akwai ɗan akwatin da ake dannawa don gogewar. Ban danna ba. Da aka gama, na sa ZFS ya bi sabon rumbun ya tantance kowane yanki, ya dawo da sifili a layin kurakurai. Tsohon faifan na zare shi, na rubuta kwanan wata a jikinsa, zai yi wata guda a durowa kafin in ba shi wani aiki.