Baƙon Kufai da Magajin Kufai

Bahaushe matafiyi ne tun asali, amma ba ya ɗaura kaya sai da dalili. Kakanninmu sun kora jakuna zuwa Gwanja fataucin goro, sun tafi gabas neman karatu, sun yi cin rani, wasu ma sun taka da ƙafa har Makka, suka share shekaru a kan hanya. Abin da ba a san mu da shi ba shi ne mutum ya tara dukiya, ya ƙetare teku, don kawai ya je ya tsaya gaban ginin da ya rushe ya ƙura masa ido. A wurinmu kufai mazaunin aljannu ne, kango kuwa ɗakin mujiya, kuma yaro ma an hore shi da kada ya ratsa su da tsakar rana. Saboda haka dole mai karatu ya yi mamaki idan ya ji cewa akwai ƙasashen da kufai ya zama musu haja, ana sayar da kallonsa da tsada kamar yadda ake sayar da zinariya.

Daga cikin irin wannan haja, wadda ta fi jan hankalin masu hannu da shuni ita ce hutun ƙasaita a ƙasashen Meziko da Gwatamala. An girka hutun ne bisa abubuwa uku, tamkar duwatsun murhu. Na farko kufan biranen al'ummar Maya, kuma kada mai karatu ya ɗauka mayu ake nufi, sunan wata al'umma ce mai tsohon tarihi. Na biyu garuruwan da Turawan Sifaniya suka gina zamanin mulkin mallakarsu, masu farfajiya da bene da manyan majami'u. Na uku kuwa bakin tekun Karibiyan, inda baƙo zai miƙe ƙafa bisa farin yashi ya huce gajiyar kallo. Da safe a ɗauke shi a mota mai sanyi, da rana a zagaya da shi, da dare ya kwana a masaukin da kuɗin darensa guda zai ciyar da gidan malami wata cur.

Haƙiƙa abin da ake zuwa gani ya isa a gani. A birnin Tikal na Gwatamala akwai ginin dutse da tsawonsa ya haura mita 60, ya kere itatuwan kurmin da ya haɗiye birnin bayan mutanensa sun watse wajen ƙarni na 9 Miladiyya. A Chichen Itza ta Meziko akwai dalar da aka yi wa matakala 91 a kowace fuska huɗu, idan aka haɗa da dandalin sama sai su cika 365, wato adadin kwanakin shekara. Mutanen nan sun ƙware a lissafin taurari, sun san sifiri, suna kuma da rubutunsu na kansu. Shi kuwa birnin Tulum a kan gaɓar dutse aka kafa shi, yana kallon teku, har mai wanka a ƙasa kan ɗaga kai ya hangi ganuwarsa. Garin Kankun da baƙi ke sauka kuwa jariri ne, domin sai a shekarar 1970 hukuma ta fara gina shi musamman saboda masu yawon buɗe ido.

Wani abokin karatunmu da Allah Ya buɗa wa a harkar kasuwanci ya yi wannan hutu da iyalinsa. Da ya biyo ta Gwagwalada ya kawo mana ziyara, muka kwashe yammaci guda muna duba hotuna a wayarsa. Duk cikin labarin da ya ba mu, abu ɗaya ne ya zauna mana a rai. Ya ce bayan ɗan jagoransu ya gama bayanin yadda birnin ya mutu, sai shi ya tambaye shi ko ina waɗannan mutane masu hikima suka shige. Ɗan jagora ya yi murmushi, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna direban motarsu, ya kuma nuna matan da ke tallar saƙa a bakin ƙofa, ya shaida masa cewa babu inda suka tafi, shi kansa da harshen Maya yake magana da mahaifiyarsa. Gaskiyarsa kuwa, domin miliyoyin mutane na magana da harsunan Maya har gobe. Biranen ne suka mutu, jama'ar suna nan, sai dai galibinsu su ne masu ɗaukar jaka da share ɗaki a hutun da ake yi da sunan kakanninsu. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Haka abin yake game da garuruwan Turawan. Baƙo kan yaba kyan birnin Merida, ya ɗauki hoton babbar majami'arta, ba lalle ya san cewa a shekarar 1542 aka kafa ta bisa wani birnin Maya ba, aka kuma yi amfani da duwatsun gine-ginensa wajen aza nata. Tafiya kaɗan daga nan akwai garin Mani, inda a shekarar 1562 wani limamin Kirista mai suna Diego de Landa ya tara littattafan Maya ya cinna musu wuta. Littattafai huɗu kacal aka sani sun tsira a duniya daga rubuce-rubucensu na takarda. To, baƙo ya biya kuɗi ne don ya huta, ba a ɗora masa nauyin wannan baƙin ciki. Shi yana kallon gini, ɗan ƙasa kuwa yana kallon tabo.

Wannan ne ya sa muka waiwayo gida, domin duwatsun murhun nan uku duk suna kewaye da Gwagwalada, ko da yake ba wanda ya girka musu tukunya. Idan kufai ake nema, kudu maso gabas da birnin Abuja akwai Taruga, inda Bernard Fagg ya tono matoyar ƙarfe a shekarun 1960, wadda aka yi aiki da ita ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihissalam. Wurin yana cikin wayewar da ake kira Nok, wadda aka fara cin karo da mutum-mutuminta na yumɓu a 1928 wajen haƙar kuza. Shahararren kan nan da aka samu a yankin Jama'a, kafin ya isa hannun Fagg a wajen 1943, a gonar doya aka kafa shi yana korar tsuntsaye. Idan aka nausa arewa, ga ganuwar Kano da Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta, ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ga kuma Surame, birnin Kanta na Kabi, da aka gina ganuwarsa da dutse a ƙarni na 16. Kusa da mu ma ga Suleja, wato tsohuwar Abuja da Abu Ja ya kafa a 1828, wadda ta sadaukar da sunanta ga babban birnin tarayya.

Idan kuwa garin Turawa ake so, muna da biyu. Zungeru ta zama hedikwatar Jihar Arewa daga 1902, kafin a koma Kaduna, kuma gadar ƙafa ta ƙarfe da aka yi zamanin Gwamna Lugga a can, ciccibo ta aka yi aka kai Kaduna. Ita kuwa Lakwaja, a nan ne aka ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900, aka shelanta cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin Turawa. Titin da ya ratsa Gwagwalada shi ne ya miƙe har can. Kullum motoci na bin sa dare da rana, amma yawancin fasinja abin da suka sani game da Lakwaja bai wuce soyayyen kifi da wurin sallah ba.

Wata shekara da rani, bayan kammala jarrabawa, muka yi karo-karo da ɗaliban ajin ƙarshe muka ɗauki shatar bas guda. Guzurinmu ƙosai da burodi da ruwan leda. Muka bi ta Kwali, garin Ladi Kwali maginar tukwane wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, muka wuce Abaji da Koton Ƙarfe, muka haye gadar Murtala Muhammad, hantsi ya yi mana a Lakwaja. Muka hau Dutsen Patti, inda Lugga ya yi gidan hutawarsa, muka hangi mahaɗar Kwara da Binuwai shimfiɗe a ƙasa. Ɗalibai suka yi ta ɗaukar hoto suna raha, tamkar dai baƙin Meziko. A wannan lokaci mu ma baƙi ne, kuma babu laifi a cikin haka, domin ido ma yana da nasa haƙƙi.

Da muka sauko sai muka nufi unguwar Kabawa, wani dattijo ya yi mana jagora zuwa kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kawo nan. A garin nan Sarkin Kano Alu, wanda aka kama bayan cin Kano a 1903, ya ƙarasa rayuwarsa har ya rasu a 1926. A nan kuma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya cika, wato sha'irin nan da babu ɗalibin adabin Hausa da zai fita jami'a bai haɗu da waƙoƙinsa ba. Ɗaliban nan sun yi zango guda suna feɗe waƙarsa ta Tabarƙoƙo, suna ƙirga amsa-amo da ma'auni, sun rubuta jarrabawa a kanta. Amma da suka tsaya a inda yake kwance, nesa da Zariya, cikin zafin bakin kogi, sai raha ta ɗauke. Babu wanda ya ce a ajiye waya, kowa da kansa ya mayar da tasa aljihu. Wata ɗaliba Bazazzagiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Dattijon ya ɗaga hannu, muka bi shi da addu'a. A hanyar komawa wani ɗalibi ya ce mana sai yau ya gane cewa mutum ne ya rubuta waƙar, da can yana ɗaukarta tambayar jarrabawa ce kawai.

Ba mu da teku a Arewa, amma da la'asar ɗin nan mun sami namu rabon. Idan rani ya yi, ruwa kan janye ya bar tsibiran farin yashi a tsakiyar kogi. Muka zauna a gaɓa muna kallon masunta na jefa birgi daga kwalekwale, aka kawo kifi da yaji a takarda, iska na kaɗawa. Duk abin da muka kashe mu talatin da 'yan kai bai kai kuɗin kwana ɗaya na abokinmu ba, kuma ba mu jin akwai wanda ya dawo da ƙishin wani abu.

Abin da muka fahimta daga tafiye-tafiyen nan biyu shi ne, mutum biyu ne ke tsayawa gaban kufai, baƙo da magaji. Baƙo kan tambayi tsawon gini da shekarunsa, ya ɗauki hoto ya wuce. Magaji kuwa tambayarsa ita ce wa ya zauna a nan, me ya tashe shi, kuma me ya bar mana. Bahaushe bai saba da yawon baƙo ba, amma ya daɗe da sanin tafiyar magaji, har ya raɗa mata suna, wato ziyara. Dubban mutanen da ke zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato ba kallon gini ke kai su ba. Ashe ke nan ba sai mun aro al'adar wasu ba kafin mu kula da kufanmu. Abin da ake bukata shi ne a faɗaɗa ziyara ta haɗa da Surame da Taruga da Kabawa, cikin ladabi da neman darasi, tun da gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sai dai ziyara ba ta yiwuwa sai da labari, kuma a nan ne aikin ya faɗo kan masu nazarin harshe da adabi. Duwatsun Maya sun yi ƙarnoni bebaye, har sai da wani masani ɗan Rasha, Yuri Knorozov, ya nuna a 1952 cewa alamomin rubutun suna wakiltar gaɓoɓin furuci ne. Daga nan masana suka ɗora, har aka iya karanta sunayen sarakunansu da yaƙe-yaƙensu. Mu kuwa namu labarin ba a kulle yake ba. Yana cikin kirari da waƙoƙin fada, da takardun ajami da ke cikin gafaka, da bakin tsofaffin da ke zaune a zaure. Ba wanda ya cinna wa littattafanmu wuta irin ta Mani, amma gara da yoyon ɗaki ba su gajiya, tsofaffi kuma kullum raguwa suke. Ganuwar da ba ta da mai ba da labarinta tudun jar ƙasa ce kawai, kowa na iya sa mata diga ya yi tubali. Mutum-mutumin da ba a san darajarsa ba, ko dai ya kori tsuntsu a gona, ko ɗan sumoga ya saye shi da kuɗin cefane ya fitar da shi waje.

Muna fatan ranar da baƙi za su zo kallon kufanmu, su kwana a masaukai masu kyau, matasa su sami abin yi. Amma idan ranar ta riske mu ba mu san labarin da kanmu ba, to wasu ne za su rubuta shi, 'ya'yanmu kuma su ɗauki jaka. Saboda haka kiranmu ga ɗalibi shi ne, hutun da ke tafe kada ya ƙare a kan benci a bakin titi. Kowane gari yana da tsohuwar ƙofa, ko marina da ta bushe, ko kufan da aka taso daga cikinsa. Ya je da littafi da alƙalami, ya gai da dattijon unguwa, ya zauna ya saurara, ya rubuta. Ga malamai 'yan'uwanmu kuma, bas guda da ƙosai sun isa a kai aji Lakwaja a dawo kafin isha'i. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa mu zama magada nagari, amin.