Legas Daga Cikin Ruwa

Ba a zuwa gaɓar Tarkwa Bay da mota, sai da kwale-kwale mai inji. Daga tashar kwale-kwale ta CMS muka tashi ran wata Asabar, ni da abokin cinikina, kowa da rigar kariya a wuya.

Marina da na sani ita ce ta cunkoso, hayaƙi da ihun yaran danfo. Daga kan ruwa kuwa, ashe dogayen benayen nan fuskarsu ruwa take kallo; mu 'yan tudu ƙeyar garin muke gani kullum. Can hannun dama ga Apapa, manyan jirage sun jeru ana sauke kwantena. Na daɗe ina kallon wurin. Bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911, nan ce ta zama ƙofar da gyaɗar kakanninmu da fatunsu suka riƙa bi zuwa Turai, alhali yawancin masu nomanta ba su taɓa ganin teku ba.

A bakin mashigin teku akwai dogayen shingayen duwatsu da Turawa suka jera domin jirage su samu hanya. Su suka tare yashin da igiyar ruwa ke korowa daga yamma, shi ya sa teku ya yi ta cin gaɓar Bar Beach shekara da shekaru. Yanzu an cike wurin, sabuwar unguwar Eko Atlantic ke tsaye a kai.

Da muka isa Tarkwa Bay, wanka dai ban yi ba, wando kawai na naɗe. Da La'asar ta yi, muka shimfiɗa darduma a kan yashi, muna gardamar ina ne gabas.