'Yar Gida Biyu: Da Wa Za Ta Tsufa?



Tunda na fara rubuta labaran soyayya akwai tambayar da ta hana ni sakat. Yarinyar da ubanta mutum ne, uwarta kuwa aljana, ta wane gida ce? In ajali ya zo, su wa za su yi mata wanka da sutura?

Turawa ma sun sha fama da wannan tambaya. Wani marubuci ɗan Ingila, J.R.R. Tolkien, ya fitar da littafinsa The Lord of the Rings a 1954 da 1955. A ciki akwai wasu halittu masu kama da aljanu da ake kira elf, waɗanda tsufa ba ya kashe su. Tagwaye biyu, Elrond da Elros, jininsu gauraye ne da na mutane, sai aka ba su zaɓi. Elrond ya bi elf, ya rayu dubban shekaru. Elros ya bi mutane, ya yi shekara 500 ya mutu. Daga baya 'yar Elrond, Arwen, ta zaɓi mutuwa saboda Aragorn, mutumin da take so.

To amma mu nan Daura lissafin ya sha bamban. Addininmu ya koya mana aljanu ma bayin Allah ne, kuma mutuwa na jiran su kamar yadda take jiran mu. Don haka jarumar da nake rubutawa yanzu ba ta da hanyar guje wa kabari. Zaɓinta shi ne wurin da za ta ƙare kwanakinta: cikin dangin uwarta da ido ba ya gani, inda aka ce akwai dukiya da tsawon rai, ko cikin dangin ubanta, inda akwai talauci da gorin kishiya, amma akwai masu zuwa barka da masu zaman makoki.

Ni dai na sa ta zauna da mutane, kuma garinmu ne ya ba ni hujja. Ku tuna labarin Bayajidda: baƙo ne daga Bagadaza, ya kashe macijin rijiyar Kusugu mai hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, Sarauniya Daurama ta aure shi. Ɗansu Bawo ɗan baƙo ne kuma ɗan gida. Dukkansu sun kwanta dama, amma 'ya'yan Bawo aka ce sun kafa garuruwa irin su Kano da Katsina da Zazzau, kuma har gobe rijiyar na nan ana shan ruwanta.

Ke 'yar uwa da ake yi wa gori, wai uwarki ba 'yar garin nan ba ce, ko ana kiran ki agola a gidan da kika tashi, ki share hawayenki. Kwanakinmu ƙidayayyu ne, kada ki ƙarar da su wajen neman wanda zai tabbatar miki da asali. Ki riƙe waɗanda suka riƙe ki, ki yi karatunki, ki gyara tsakaninki da Mahaliccinki.

Ku rubuto mini ra'ayinku: da ke ce jarumar nan, wane gida za ki zaɓa?

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum, daga birnin Daurama.