Motar wa za a saya?

 

Tun ranar da na fara zuwa taron asusu da mota, tambaya guda mata ke tare ni da ita: "Wai taki mai giyar hannu ce ko otomatik? Wace ta fi?" Nakan ce musu zancen ya fi ƙarfin tsaye. Shi ya sa na zauna na rubuto abin da ya faru da ni, da daɗinsa da ɗacinsa, ko wata ta ƙaru.

Ni ƴar Maradi ce, shekarata 47. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, in lokacin aya ya zo in taɓa. Gyaɗar nan ƙauyuka nake bi in saye, wajen Madarunfa da Gidan Rumji. Shekara 14 ke nan ina cikin asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda aka soma a nan jihar tamu tun 1991. Da dala ashirin na fara zubi kowane mako. Duk rabon da aka yi sai in sayi tunkiya ko ɗan maraƙi in ajiye. Da lokaci ya yi na sayar da bisashen, na haɗa da ribar mai ta shekara bakwai, kuɗi suka tashi miliyon 3 da jika 800.

Ba don ƙawa na nemi mota ba. Na gaji ne da zaman bakin hanya ina jiran motar kasuwa har la'asar, buhuna suna shan rana. Ranar da na yanke shawara kuwa ita ce ranar da kabu-kabu ya zame da ni cikin rairayi, jarkar mai lita 25 ta fashe, ina zaune ina kallon wahalar mako guda tana shigewa ƙasa. Gwiwata ta hagu tun daga ranar ba ta koma daidai ba. Ku riƙe zancen gwiwar nan, za mu dawo kansa.

Na shiga makarantar koyon tuƙi, da mai giyar hannu aka koya mana. Karon farko na faɗi jarrabawa, don motar ta mutu mini sau biyu wajen tashi. Karo na biyu Allah ya ba ni sa'a na samu permi. Ke nan na iya ta, ba labari nake ji ba. Amma duk ranar da na yi awa guda ina taka ambarayaj, wanda mutanen Najeriya ke cewa kuloci, da dare sai an gasa mini gwiwa da ruwan zafi.

Da labarin kuɗi ya fita, gidanmu ya cika da masana mota. Ƙanen maigidana direba ne, shekararsa 20 a kan hanyar Maradi zuwa Damagaram. Ya ce: "Matar yaya, mi ya kai ki ga otomatik? Wagga motar ƴan Yamai ce, masu zuwa biro su dawo. Ta lalace miki a daji, sai dai ki yi mata sallar gawa." Ɗana na fari ya ce mai giyar hannu ta fi tashi, ta fi daɗin gudu. Maigidan kuwa, tsohon mushen lakwal ne, bai cika magana ba. Abin da ya ce kawai: "Kuɗinki ne, guminki ne. Amma je ki tambayi mai gyara, ki bar mai sayarwa."

Na bi maganarsa. Akwai wani dattijon makanike kusa da unguwarmu, na sayi goro na same shi da hantsi. Ya sa yaro ya kawo mini benci, ya ce: "Hajiya, ba ni da motar sayarwa, don haka gaskiya zan gaya miki." Ga abin da na riƙe daga bakinsa, kuma daga baya na gani da idona.

Mai giyar hannu abin takawa uku gare ta: ambarayaj a hagu, birki a tsakiya, na ba da wuta a dama. Ke ce ke raba injin da ƙafafun mota da ƙafarki ta hagu, ki sauya giya da hannu, ki sake haɗa su. Abin da ke cinyewa a cikinta wani faifai ne, kuma kowane makanike daga nan har Dakoro ya iya sauya shi. In batir ya yi sanyi, samari huɗu sun ishe ki: ki sa ta a giya ta biyu, su tura, ki saki ambarayaj, ta tashi. Cikin tsofaffin motocin da ke zuwa mana, ta fi otomatik tattalin esansi, ko da yake ya ce sababbin fitowa bambancin ya ragu ƙwarai.

Otomatik kuwa abin takawa biyu ne, birki da wuta, kuma ƙafar dama kaɗai ke aiki. Ta hagu hutawa take. Harufa ne a jikin sandar: P ta ajiyewa, R ta baya, N ba gaba ba baya, D ta tafiya. Ita ke sauya wa kanta giya, da ƙarfin wani mai na musamman da ke zagayawa cikinta. Nan ƙarfinta yake, nan kuma rauninta yake. Man nan ba man inji ba ne, kuma kowace irin giya da nata. Aka zuba mata wanda ba nata ba, an kashe ta. Ba a tura ta ta tashi. Ba a ɗaura mata igiya a ja ta tafiya mai nisa, don in inji ba ya aiki man ba ya zagayawa, cikinta sai ya ci kansa. In kuma giyar ta lalace, masu iya buɗe ta ba su da yawa, galibi sai dai a sayo wata sukutum a ɗora, kuɗin kuwa ya ninka na faifan ambarayaj sau da yawa.

Na ce: "To Baba, rairayi fa?" Ya yi dariya ya ce: "Rairayi ba ruwanshi da irin giya, direba yake dubawa. Sabon hannu da mai giyar hannu cikin rairayi, ambarayaj zai ƙone. Otomatik takan ja a hankali ba fizga, amma in kika kafe kika yi ta ba ta wuta, man giyar ya yi zafi, kin jawo wa kanki."

Ya ƙara mini da zancen kayan gyara. A da motocin hannu, waɗanda muke cewa okaziyon, ta Kwatano suke shigo mana. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, hanya ta koma Lome ta ratsa Burkina Faso, tafiya ta ƙaru, kuɗi suka ƙaru. Amma mu nan Maradi Allah ya rage mana wahala, don Katsina da Kano na kusa ta Ɗan Isa da Jibiya, kuma can otomatik irin waɗanda ake kawowa daga Amurka sun cika gari. Ya ce: "In za ki sayi otomatik, sayi irin wadda ta yi yawa, kamar Toyota Corolla. Kada ki ɗauko baƙuwar da ke kaɗai ke da ita a gari."

Na koma gida kaina ya ƙara kullewa. In lissafin aljihu ne zalla, ƙanen maigidana ya yi gaskiya. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. A dare na uku ne, ina shafa wa gwiwata man zafi, wani abu ya faɗo mini. Na tambayi kaina: in na sayi mai giyar hannu, ranar da gwiwar nan ta tashi, wa zai tuƙa? Amsa a fili take. Ɗana zai karɓi makulli "don ya taimaka". Ƙanen maigida zai are ta ranar da tasa ke gareji. A hankali in koma kujerar baya, ina jiran wani ya tashi daga barci ya kai ni kasuwa, da motar da na saya da guminta. Jiran da na gudo daga bakin hanya ya biyo ni har tsakar gida ke nan.

Sai na gane duk masu ba ni shawara ba ƙarya suka yi ba, amma kowa motar da shi zai ji daɗin tuƙawa yake zaɓa. Ba wanda ya tambayi gwiwata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na sayi otomatik. Da makaniken na tafi, na biya shi ladan yininsa. Ya zaro sandar duba man giya, ya goga a farin ƙyalle, ya nuna mini: ja-ja ne, ba baƙi ba, kuma ba ya warin ƙuna. Ya sa ta a D, ya sa ta a R, yana saurare ko za ta yi jinkiri ko ta buga. Muka hau kwalta har Tibiri muka dawo, sai da inji ya yi zafi sosai, don ya ce wata cutar giya ba ta fitowa sai mota ta ɗau zafi. Mun duba uku kafin ya ce wannan. Kuma ya hana ni kashe kuɗin duka. Ya ce in ware jika 300 in manta da su, na ranar tsiya ne.

Ranar tsiyar ba ta daɗe ba. Wata na huɗu, cikin damina, na je wani ƙauye bayan Madarunfa. Hadari ya sa na kunna fitila da safe, na manta ban kashe ba, na shiga awon gyaɗa har la'asar. Na murɗa makulli, shiru. Nan da nan samarin gari suka taru, Allah ya saka musu, suna naɗe hannun riga: "Inna, shiga mu tura!" Na ce ba a tura ta. Suka dube ni, suka dubi juna. Wani ya ce: "Wace irin mota ce ba a tura ta?" Wani ya kawo shawarar a ɗaura ta a amalanken shanu a ja ta zuwa kwalta, na ce wannan ma a'a. Ina jin wata tsohuwa na cewa a bayana: "Mota ta fi mai ita girman kai."

Sai bayan isha'i aka samu wata motar kasuwa mai wayoyin jona batir. Na iso gida wajen ƙarfe 11 na dare, maigida na tsaye a ƙofa da tocila. Ƙanensa kuwa ya samu abin tsokana na wata guda, ko gaisawa muka yi sai ya ce: "Matar yaya, a turo?" Ban yi musu ba, don laifina ne, kuma gaskiyarsa ce. Washegari na sayi wayoyin jona batir nawa na kaina, na sa aka koya mini: ja a kan alamar tarawa, baƙi a inda ya dace. Har yau suna bayan motar, tare da shebur da igiya da jarkar ruwa.

Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan. Esansi tana sha fiye da yadda na so, ba zan ɓoye muku ba. Juyen man giya na yi sau ɗaya, na tsaya a kai da kaina har aka buɗe galan ɗin a gabana. In ruwa ya cika kwari ba na ratsawa, jira nake ya janye, don ruwa ya shiga giyar magana ta ƙare. Amma ranar Litinin da Juma'a, ranakun kasuwar Maradi, cikin cunkoson adaidaita da kabu-kabu da amalanke, tsaya-tafi tsaya-tafi, ƙafata ta hagu na ajiye abinta. Kuma ranar da hawan jinin mahaifiyata ya tashi da ƙarfe 2 na dare, ɗana ba ya gari, maigida ba ya gani sosai da dare, ban buga ƙofar kowa ba. Na ɗauki makulli na kai ta likita.

Kada wata ta karanta wannan ta ce na ce otomatik ta fi. Akwai ƙawata a wata ƙungiya wajen Dakoro, mai sayar da hatsi. Garinsu nesa da kwalta, makanike guda ne a yankin, kayanta masu nauyi, ƙafafunta lafiya lau. Da ta tambaye ni na ce mata ta sayi mai giyar hannu, kuma ta koya da kanta. Haka ta yi. Da ta ɗauki irin tawa, da ta yi kuka.

Don haka ƴar uwa, ko ke kaɗai za ki saya, ko ƙungiya ce za ta haɗa kuɗi, kafin a kai ga zancen giya ki amsa wa kanki waɗannan. Wa zai tuƙa ta kullum, ke ko direba? In direba ne, ko hannu da yawa za su riƙa taɓa ta, mai giyar hannu ta fi haƙuri da aljihu. Wace hanya za ta fi bi, cikin gari ko daji? In ta tsaya, wa zai gyara, kuma ina kayanta suke? Bayan an biya kuɗin mota da takardu, me ya rage a hannu? In amsar ta ƙarshe "babu" ce, ki ƙara zagaye guda na asusu. Motar ba za ta gudu ba.

Makon jiya ƙanen maigida ya zo da sassafe, yana sosa ƙeya. Tasa na gareji, matarsa na da awo a likita. Ya ce: "Matar yaya, ko za a ɗan ba ni makulli?" Na ce: "Wagga motar ƴan Yamai? Ai ba ta dace da kai ba. Ce mata ta shirya, ni zan kai ta." Ya shiga baya, ita ta zauna gaba.

Allah ya sa albarka cikin abin da muke tarawa, ya tsare mu a kan hanya, ya mai da kowa gidanta lafiya. Amin.